Yadda Aka Gano Cutar Kwashiyoko

A cikin cututtukan da ke kama yara ƙanana a ƙasashen zafi akwai wata wadda ta daɗe tana kisa tun likitoci ba su rarrabe ta da sauran cututtuka ba. Yaro yakan tashi lafiya lau muddin yana shan mama, sai bayan an yaye shi ya soma lalacewa. Ƙafafunsa su kumbura, sa'an nan hannuwa da fuska. Gashin kansa ya yi ja, ya riƙa zubewa. Fatarsa ta yi baƙi wuri-wuri, tana saɓulewa kamar ta wanda ya ƙone. Ga zawo, ga ƙin abinci. In ba a yi masa magani ba, galibi sai mutuwa. Sunan wannan cuta a littattafan likitoci na duniya kwashiyoko, kalmar kuwa ta mutanen Afirka ce. Ga yadda aka yi ta shiga can.

Akwai wata likita, sunanta Cicely Williams. An haife ta a tsibirin Jamaika cikin 1893, ta yi karatun likita a Jami'ar Oksfod ta Ingila, ta gama a 1923. A zamanin nan mata likitoci kaɗan ne ƙwarai. Cikin 1929 Gwamnatin Ingila ta aika da ita ƙasar Gwalkwas, watau Gana ta yanzu, don ta duba lafiyar mata da yara. Ta yi aiki a Kumasi da Koforidua, kana ta zauna a asibitin yara na birnin Ankara.

Abin da ya fara ba ta mamaki shi ne, jarirai masu shan mama ƙiba gare su, amma 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu su ne ake ta kawowa a kumbure, su ne kuma ke mutuwa. To, sai ta ɗauki wata hanya wadda ba a saba da ita ba a asibitocin wancan lokaci. Ta bar uwaye su zauna tare da 'ya'yansu a ɗakin jiyya, ta riƙa tambayarsu yaushe aka yaye yaro, me ake ba shi, ko uwar tana da wani ciki. Amsar kusan ɗaya ce kullum. An cire yaro daga mama, yawanci don uwa ta sami ciki, an sa shi kan kokon masara tsagwaronsa. Da ta duba gawar waɗanda suka rasu, sai ta tarar hantarsu ta cika da kitse. Waɗanda aka kawo da wuri kuwa, ta ba su madarar gwangwani da man hantar kifi, sai kumburin ya saɓe, suka warware.

Cikin 1933 ta rubuta labarin yara 20 a wata jaridar likitoci ta Ingila, ta ce cutar daga abinci take, wataƙila kuma daga ƙarancin abin nan mai gina jiki wanda Turawa ke kira furotin, irin wanda ke cikin nono da nama da wake. Nan da nan wani babban likita mai suna Stannus, wanda ya yi aiki a ƙasar da ake kira Malawi yanzu, ya musa. Ya ce wannan ba sabuwar cuta ba ce, felagara ce, watau wani ciwon fata da aka daɗe da sani ga masu cin masara. Maganarsa kuwa ta fi tata nauyi a wurin manya.

Likita Williams ba ta janye ba. Cikin 1935 ta sake rubutu a jaridar Lancet, wannan karo da labarin yara 60. Ta nuna felagara ta fi kama manya, tana kuma ɓata fatar da rana ke bugu, ita kuwa wannan cuta ƙananan yara take kamawa. A cikin wannan rubutu ne ta kira ta da sunan da ta ji a bakin ƙabilar Ga, mutanen Ankara. Ma'anar kwashiyoko a harshensu ita ce cutar da babban yaro ke kamuwa da ita in an yi masa ƙane. Ashe mutanen gari sun riga sun lura da lokacin da cutar ke zuwa, har sun sa shi cikin sunanta, mai tambayarsu ne ba a samu ba. Mu ma Hausawa mun san haka, shi ya sa tsofaffi ke tsoron kwanika.

Gaskiya ta yi jinkirin fitowa. Cikin 1937 aka gano maganin felagara a Amurka, da aka gwada shi kan yara masu kumburi bai warkar da su ba. Cikin 1950 Majalisar Ɗinkin Duniya ta aiki masana biyu, Brock da Autret, suka zaga ƙasashen Afirka suna bincike. Rahotonsu ya fito a 1952, ya tabbatar kwashiyoko cuta ce mai zaman kanta, ta kuma bazu ƙwarai a nahiyar.

Ita kam tun 1936 aka mai da ita ƙasar Malaya. A can ta ga wani abin baƙin ciki. Madarar gwangwanin nan da ta yi magani da ita a Ankara, ita ce 'yan kasuwa ke tallata wa matalautan uwaye a maimakon mama, jarirai suna ta mutuwa. Cikin 1939 ta yi lacca a Singafo, ta ce irin wannan talla daidai yake da kisan kai. Da Japanawa suka ci Singafo a 1942 suka tsare ta har 1945, ta sha yunwa da azaba. Cikin 1948 aka naɗa ta shugabar farko ta sashen lafiyar uwa da yaro a Hukumar Lafiya ta Duniya. Ta rasu a Oksfod cikin 1992, tana da shekara 98.

Bincike bai tsaya inda ta tsaya ba. Bayan rahoton 1952 hankali ya koma kan furotin kaɗai, har aka kashe kuɗi masu yawa wajen nemansa. Cikin 1974 wani likita mai suna McLaren ya ce an wuce gona da iri, domin yawancin yara masu tamowa abincin ne gaba ɗaya bai ishe su ba. Daga baya masana suka bi tagwaye 317 a Malawi, suka ga sau da yawa ɗaya yakan kamu ɗaya ya tsira, alhali kuwa tukunyarsu ɗaya. Cikin 2013 suka ba da labari cewa ƙananan halittun da ke zaune cikin hanjin yaro su ma suna da hannu. Duk da haka, tushen maganar Likita Williams yana nan: cutar tana tare da ƙarancin abinci, da abinci kuma ake maganinta.

Maganin ma ya sauƙaƙa. Cikin 1996 wasu Faransawa biyu, Briend da Lescanne, suka haɗa wani abinci na tunkuzar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran ƙarin lafiya, wanda ba ya bukatar ruwa ko dafuwa, suka sa masa suna Plumpy'Nut. Sa'ad da yunwa ta auku a Nijar cikin 2005, bayan fari da fara, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta yi wa yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani magani, da yawansu a jihar Maraɗi. Mafi yawa a gida aka yi jiyyarsu, uwa ta karɓi abincin mako guda, ta ba ɗanta da hannunta. Cikin 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan hanya.

To, jama'a, abin da za mu ɗauka a nan a fili yake. Lokacin yaye shi ne mafi hatsari ga yaro. A ba jariri mama kaɗai wata 6, a ci gaba da ba shi har shekara 2 tare da abinci. Kada a bar shi da koko zalla, a sa masa gyaɗa ko wake ko nono ko ƙwai ko kifi, gwargwadon hali. In an ga ƙafafunsa sun tasa, a danna bayan kowace ƙafa da babban yatsa, a ƙirga uku. In gurbin yatsa ya zauna a duka biyun, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira gobe. In likita ya yi tambaya kuma, a gaya masa gaskiyar abin da yaro ke ci, domin ta wannan hanya aka gano cutar tun farko. Allah ya raya mana zuriya, amin.