Daga Dafin Kibiya Zuwa "Toksoyid"

Mu da ke koyarwa a makarantun sakandare mun sha faɗa wa ɗalibai kalmar "toksoyid", su rubuta, su haddace, alhali ba mu tsaya mun gaya musu inda ta samo asali ba. To, ashe asalinta na komawa ne ga kwari da baka.

Girkawan dauri suna kiran baka "tokson", dafin da ake shafa wa kibiya kuwa "toksikon". Sannu a hankali sai aka manta da bakan, sunan ya zauna wa dafin. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba, tun da maharbanmu ma da kwankwani suke dafa kibiya.

A labarin kashe kaifin dafi kuwa akwai zurma, wadda wasu ke kira cika-gida. A 1888 wani ɗalibi, Hermann Stillmark, ya tsamo guba daga ƙwayarta a jami'ar Dorpat, ya raɗa mata suna "risin". A 1891 sai Paul Ehrlich, likita Bajamushe, ya riƙa ba ɓeraye wannan guba kaɗan-kaɗan, yana ƙarawa, har suka jure abin da zai kashe 'yan'uwansu. Ya gwada da gubar idon zakara, wannan jan ƙwaya mai baƙin ɗigo, ya ga haka nan. Amma ɓeran da ya jure zurma bai tsira daga idon zakara ba. Kowace guba da makarinta.

Bayan nan ya koma kan dafin ciwon mashaƙo. Ya lura cewa in dafin ya daɗe a ajiye yakan daina kisa, amma makari na kama shi kamar da. A 1897 ya kira irin wannan "toksoyid", wato mai kama da dafi, domin ɗafa-ƙeyar "oyid" daga kalmar Girkanci ta kamanni take. Abin da jiran lokaci ke yi, Gaston Ramon ya yi shi da gangan a Faransa a 1923, da ruwan fomalin da ɗumi. Daga bisani an bi wannan hanya aka dakushe risin ɗin kanta.

Da za a tambaye mu fassara, "dakusasshen dafi" za mu ce, ba "mataccen dafi" ba, don jiki na gane shi har ya tanadi makari. Irinsa ne ke cikin allurar rigakafin mashaƙo da ake yi wa jarirai.