Wadi Hanifa: Kwarin da ya sake rayuwa a birnin Riyad

Wadi Hanifa kwari ne mai tsawon kusan kilomita 120 da ya ratsa Riyad, babban birnin Saudiyya. Ya samo sunansa ne daga ƙabilar Banu Hanifa, kuma a gefensa aka kafa Diriyya, cibiyar daular Saudiyya ta farko. Shekaru aru-aru rijiyoyinsa da gonakin dabino ne suka riƙe mazauna yankin.

Bunƙasar birnin bayan arzikin man fetur na shekarun 1970 ta sauya masa kama. An yi ta haƙar dutse da ƙasa daga cikinsa don gine-gine, ya koma juji, gurɓataccen ruwa kuma yana kwarara ciki.

A 2001 Hukumar Raya Birnin Riyad ta ƙaddamar da shirin gyara shi. An kwashe shara da ɓaraguzai, aka gyara hanyar ruwa don rage ambaliya, aka dasa dabino da itatuwan da suka saba da zafin hamada.

Ginshiƙin aikin shi ne tace ruwa ba tare da sinadarai ba. Ruwan kan bi ta jerin tafkuna masu duwatsu, ana hura masa iska, ƙananan halittu su cinye daskararren datti, kifaye irin su karfasa kuma su ci gansakuka. Da kifi ya samu, sai tsuntsaye irin su zalɓe da balbela suka biyo baya.

Jama'a ma sun dawo. Da la'asar iyalai kan shimfiɗa dardumarsu a inuwa, su sha gahawa a inda a da wari ke korar mutane. A 2010 aikin ya samu lambar yabo ta Aga Khan kan tsara gine-gine.

A 2019 Sarki Salman ya ƙaddamar da shirin dasa itatuwa miliyan 7.5 a Riyad, da niyyar shayar da su da ruwan da aka tace. Nan gizo ke saƙa: ruwan sama kaɗan birnin ke samu, kuma kaso mai yawa na ruwan shansa daga teku ake tacewa a turo shi ta bututu. Ɗorewar korayen wuraren ta dogara ne ga sake amfani da ruwan da aka riga aka yi amfani da shi.

Ga biranen ƙasar Hausa kamar Kano, inda rafin Jakara ke ɗauke da ƙazantar gari, darasin a fili yake: sai an tsaftace ruwa kafin tsuntsu ko mutum ya dawo bakinsa.