Layin Da Ya Ƙi Motsi: Tarihin Mazaɓar Ƙaraye da Rogo

Ban taɓa jin wanda aka tambayi garinsu ya ce shi ɗan Ƙaraye/Rogo ne ba. Mutum zai ce maka shi ɗan Yammedi ne, ko Turawa, ko Zarewa, ko Fulatan. In ya yi nisa da gida sai ya ce Ƙaraye ko Rogo, in kuwa ya ƙetare Kogin Kwara sai ya ce Kano, ya huta. Sunan nan mai karan tsaye a tsakiya ba ya jikin allon kowace hanya, kuma ba a kiransa a tasha. Sau ɗaya yake fitowa fili a cikin shekara huɗu, daga bakin jami'in da ke sanar da sakamakon zaɓen ɗan Majalisar Wakilai ta Tarayya, daga nan ya koma cikin takardun Abuja. Amma da na zauna ina bin tarihin siyasar yankinmu, sai na tarar duk abin da na ɗauka kafaffe ne ya motsa: jam'iyyu sun mutu, wakilai sun sauya sheƙa, masarauta ta faɗaɗa ta kuma tsuke. Wannan layin da ba mai ganinsa shi kaɗai ya tsaya inda aka ja shi.

Ƙasar dai ta girmi layin nesa ba kusa ba. Ƙaraye tsohon gari ne da ya zama ƙofar Kano ta yamma, yana fuskantar Katsina, shi ya sa littafin tarihin sarakunan Kano ya ambace shi a cikin yaƙe-yaƙen da aka daɗe ana gwabzawa tsakanin biranen biyu. Mai riƙe da garin kuwa Sarkin Ƙaraye ake ce masa, kamar takwarorinsa na Rano da Gaya da Dutse, duk da cewa yana ƙarƙashin Sarkin Kano. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sai suka tsattsaga ƙasar gunduma-gunduma, suka zaunar da kowane hakimi a cikin gundumarsa domin ya ƙirga kawuna ya tara kuɗi. Taswirar farko da aka zana a kanmu, ashe, ta haraji ce. An san yawanmu domin a karɓa daga gare mu tun kafin a san yawanmu domin a tambayi ra'ayinmu. A wancan tsarin Rogo tana cikin ƙasar Ƙaraye.

Kakana, Allah ya jiƙansa, shi ya fara ba ni labarin ƙuri'a, kuma ba da daɗi yake ba da shi ba. Zaɓen 1951 na hawa-hawa ne: ƙauye ya tsayar da mutum, waɗanda aka tsayar su taru a gunduma su zaɓi wasu, a haka har lardi. Kafin a kai ƙarshen tsanin, muryar talaka ta riga ta narke a hanya. NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta yi rawar gani a matakin farko a cikin birni, amma ba ta kai labari a matakin ƙarshe ba. A karkara kuwa zama ɗan NEPU ba ƙaramin jarumtaka ba ne, domin hakimi da dagaci da alƙali da ɗan doka duk na En'e ne, En'e kuma tana tare da NPC. Kakana ya ce a cikin jinkar ɗaki yake soke katinsa na jam'iyya, kuma ko kakata ba ta san wurin ba.

A zaɓen tarayya na 1959 ne ya fara jefa ƙuri'a da hannunsa a asirce. Kowane ɗan takara da akwatinsa a cikin ɗaki, an manna alamar jam'iyya a jiki: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU. Malam Aminu Kano ya sami kujera a wannan zaɓen, amma NPC ce ta kwashe mafi yawan kujerun Arewa. Abin da kakana bai taɓa ambata ba, sai ni na lura da shi daga baya, shi ne kakata ba ta cikin labarin sam. Matan Arewa ba su da ƙuri'a a Jamhuriya ta Farko. Sai a ƙarshen shekarun 1970 aka buɗe musu ƙofa. Rabin mutanen da yau ke cika layin rumfunan zaɓe a Gwangwan da Kurugu, jikokin waɗanda ba a ko rubuta sunansu ba ne.

Shekarar 1979 ita ce ranar da 'yan Sawaba suka daɗe suna jira. PRP mai alamar mabuɗi ta ci Jihar Kano, Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamna, ya soke haraji da jangali. A ganina babu wata doka da ta taɓa sauya zaman manomin yankinmu da masu sarauta kamar wannan, domin ta yanke igiyar da Bature ya ɗaura. Sai dai murna ba ta yi tsawon rai ba. Jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, sannan soja suka kifar da komai a ranar ƙarshe ta 1983.

A hannun sojan ne kuma aka haifi mazaɓar da nake magana a kanta. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe mulki daga En'e. A 1991 aka cire Jigawa daga Kano. Ana ta ƙirƙirar sababbin ƙananan hukumomi, har na Kano suka kai 44 a 1996, kuma a cikin wannan rabon gado ne Rogo ta fita daga jikin Ƙaraye ta tsaya da ƙafarta. Amma da aka zo raba kujerun Majalisar Wakilai 360, Kano ta sami 24, sai aka sake haɗa uwa da 'ya a kujera ɗaya. An raba su a sakatariya, an ɗaura musu aure a akwatin zaɓe. Kowace tana da gundumomin zaɓe goma. A Majalisar Dattawa kuma aka jefa mu cikin Kano ta Kudu, mu da duk wanda ya san hanya ya san a yamma muke, muna maƙwabtaka da Katsina da Kaduna.

Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa hukumar zaɓe alhakin sake duban iyakokin mazaɓu lokaci-lokaci, bayan aƙalla shekara goma. Fiye da rubu'in ƙarni ke nan, layin yana nan yadda soja suka bar shi. A ƙarƙashinsa kuwa lissafi ya karkata. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaraye mutum dubu 140 da 'yan kai, ta ba Rogo fiye da dubu 220. 'Ya ta fi uwa jama'a. Ƙaraye ce ke da fada, ita ke da madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992, ita ke karɓar matasa masu yi wa ƙasa hidima a sansanin Kusalla. Rogo kuwa ƙuri'a gare ta. Duk wanda ya taɓa zama a majalisar masu shayi lokacin fid da ɗan takara ya san wannan lissafin ne ake yi a ƙarƙashin kowace magana, ko da bakin yana faɗin cancanta.

Daga 1999 zuwa yau iskar siyasa daga birnin Kano take kaɗowa: lemar PDP tare da Kwankwaso, masarar ANPP tare da Shekarau a 2003, lema kuma a 2011, tsintsiyar APC tare da Ganduje a 2015. Zaɓuka biyu na baya-bayan nan su suka fi ba ni abin tunani, domin ɗaya madubin ɗaya ne. A 2019 Barista Haruna Isa Dederi, daga ɓangaren Ƙaraye, ya ci kujerar a APC. Kafin wa'adinsa ya cika, rikicin jam'iyyar a Kano ya kai shi NNPP a 2022. A zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023, Abdullahi Sani Rogo ya ci kujerar a NNPP mai kwandon kayan marmari, a guguwar da ta kawo Kawu Sumaila Majalisar Dattawa a madadin Kabiru Gaya, ta kuma kai Abba Kabir Yusuf gidan gwamnati bayan 'yan makonni. A 2025 shi ma ya koma APC. Wanda aka aika da tsintsiya ya dawo da kwando, wanda aka aika da kwando ya dawo da tsintsiya.

Ba ina ɗora wa mutanen biyu wani laifi da ya fi na zamaninsu ba ne. Sashe na 68 na tsarin mulki ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi ya rasa kujerarsa, sai fa in jam'iyyar ta rabu gida biyu, kuma wace jam'iyya ce a Nijeriya ba za a iya nuna tsagewa a bangonta ba? Abin da ke damuna shi ne a takardar ƙuri'armu babu sunan mutum, alamar jam'iyya kaɗai ake dangwala wa yatsa. Mahaifiyata ba ta karatun boko. Kwando ta nema ta dangwala. In an ce mutum ta zaɓa, ba ta ga sunansa ba. In an ce jam'iyya ta zaɓa, kujerar ta bar jam'iyyar ba a tambaye ta ba.

Sai kuma batun masarauta, wanda a nan ne tarihin ya yi wata irin juyawa da ban ga an kula da ita sosai ba. A watan Mayun 2019 Gwamna Ganduje ya sa hannu a dokar da ta ƙirƙiri masarautu huɗu, Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye. Alhaji Ibrahim Abubakar II ya zama sarki mai daraja ta ɗaya, ƙasarsa ta haɗa har da Gwarzo da Kabo da Rimin Gado. Na ga dattawa suna hawaye a ƙofar fada, suna cewa abin da aka daɗe da karɓewa ne ya dawo. Na kuma ji waɗanda suka ce an yi ne kawai don a rage wa Sarki Muhammadu Sanusi II tsawo. Ina jin duka biyun gaskiya ne. Ranar 23 ga Mayu, 2024, Gwamna Abba ya sa hannu a dokar da ta rushe masarautun, a lokacin kuwa tsohon wakilinmu Dederi ne kwamishinan shari'a na jiha. A watan Yuli aka dawo da Rano da Gaya da Ƙaraye a matsayin masu daraja ta biyu, aka naɗa Alhaji Muhammad Maharaz a Ƙaraye.

Da na duba ƙananan hukumomin da aka ba kowace masarauta, sai na ajiye takardar na yi shiru. Rano ta sami Rano da Bunkure da Kibiya. Gaya ta sami Gaya da Ajingi da Albasu. Ƙaraye ta sami Ƙaraye da Rogo. Kowace ɗaya daidai take da mazaɓar ɗan Majalisar Wakilai ta yankinta, babu ragi babu ƙari. Gidan sarautar da ya tsare wa Kano yamma tun kafin a san Bature, yau iyakarsa ta zo daidai da layin da aka ja a zamanin soja don a ƙirga ƙuri'a. Ana iya cewa tsohuwar ƙasar Ƙaraye ce ta koma yadda take, tunda dama daga jikinta Rogo ta fita. Haka ne. Amma ƙasar da hakimi ya riƙa don tara haraji, ita ce mazaɓa, ita ce kuma yanzu masarauta, kuma a duk karon ukun daga wani wuri aka aiko mana da taswirar.

Ranar da rediyo ya ba da labarin sauya sheƙar 2025, muna zaune a tsakar gida, mahaifiyata tana tsince wake a faifai. Ta saurara har aka gama, ba ta ɗago kai ba. Can sai ta tambaye ni ko a zaɓe mai zuwa ma a makarantar firamaren nan za a kafa rumfa. Na ce mata nan ne, ba a canza ba. Ta ce in duba mata katinta a ƙasan adaka, kada sanyin damina ya taɓa shi.