Raunin Ji Sakamakon Ƙara Mai Ƙarfi

Ƙara mai ƙarfi na daga cikin abubuwan da ke jawo raunin ji na dindindin, sai dai ana iya kauce masa tun kafin ya faru.

Yadda ƙara ke lalata kunne

Bayan dodon kunne akwai wani sashe mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne, waɗanda ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai tsanani na gajiyar da su, idan kuma ta daɗe sai su mutu. Wanda ya mutu ba ya sake tsirowa.

Wace ƙara ce ta yi yawa?

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hira ta yau da kullum kusan desibel 60 ce. Daga desibel 85 haɗari ke farawa ga mai shafe awa 8 a wurin, kuma duk ƙarin desibel 3 na rage wannan lokaci da rabi. Ke nan a desibel 100, minti 15 kacal ya isa. Harbin bindiga ko fashewar abu kusa da kunne na iya yin ɓarna nan take.

Ma'auni mai sauƙi: idan sai kun ɗaga murya kafin wanda ke kusa da ku ya ji, ƙarar ta yi yawa.

Amsa-kuwwa

A ƙaramin shago mai bangon siminti da rufin kwano, sauti na bugun bango ya dawo, ya haɗu da wanda ke fitowa. Shi ya sa injin niƙa ko janareta ya fi cutar da kunne a rufaffen wuri fiye da a fili. Masu niƙa, masu walda, ma'aikatan masana'antu da masu zama kusa da lasifika a biki na cikin haɗari.

Alamomi

- Kugi ko shuu a kunne
- Jin kunne a toshe bayan barin wurin hayaniya
- Jin magana amma ba a gane kalmomi, musamman a kasuwa ko taro
- Yawan ƙara sautin rediyo ko waya

Kariya

Ku ajiye janareta a waje, nesa da taga. Ku sa matoshin kunne na soso ko na roba lokacin aiki. Auduga ba ta wadatar ba. Masu sauraro da abin maƙalawa a kunne kada su wuce kashi 60 cikin 100 na sautin waya, su riƙa hutawa. A nesanta jarirai da yara daga lasifika.

Yaushe za a ga likita?

Idan ji ya ɗauke farat ɗaya, ko jini ko ruwa ya fito bayan fashewa, ko akwai jiri, a tafi asibiti a ranar. Kada a ɗiga mai ko wani magani a kunnen. Idan kugin ya wuce kwana biyu, a ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro domin gwajin ji. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa, amma na'urar taimakon ji na sauƙaƙa rayuwa, kuma kiyaye abin da ya saura yana hannunku.