Biniam Girmay da Yadda Ake Cin Tseren Keke a Mita 200 na Ƙarshe

A majalisunmu dai, daga Agege zuwa Sabon Ibadan, in aka ce wasanni to ƙwallo ake nufi, sai ko dambe. Ranar da wani abokina ya same ni ina kallon tseren keke a waya dariya ya yi, ya ce wai mene ne abin kallo a nan, ai duk wanda ya fi ƙarfin cinya shi zai ci. Wannan maganar ce ta sa na haɗa wannan bayani a kan Biniam Girmay, ɗan Afirkan da ya fi kowa suna a harkar, domin a ga cewa ƙarfin cinya kaɗai ba ya kai mutum layin ƙarshe a gaban kowa. Sai ya haɗa da haƙuri, da iya riƙe keke a cikin cunkoso, da abokan da za su ƙone ƙarfinsu dominsa.

Wane ne Biniam?

An haife shi ranar 2 ga Afrilu, 2000, a Asmara, babban birnin Eritiriya. Turawan Italiya ne suka shigar da tseren keke ƙasar a zamanin mulkin mallaka, kuma har yau ana ji da wasan a can kamar yadda muke ji da ƙwallo. Asmara tana kan tudu, kusan mita 2,300 sama da teku, saboda haka huhun yaron da ya tashi yana tuƙi a wurin ya saba aiki cikin ƙarancin iska.

A 2018 ya tafi cibiyar horaswa ta hukumar tseren keke ta duniya, UCI, a garin Aigle na ƙasar Suwizalan. A 2019 ya ci zango ɗaya a gasar Tropicale Amissa Bongo ta Gabon. A 2021 ya koma ƙungiyar Intermarché-Wanty ta Beljiyam, kuma a Satumbar shekarar ya ɗauki lambar azurfa a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 23 a birnin Leuven.

Iska ce babbar abokiyar gaba

Kafin a gane dabarun, sai an gane iska. In keke yana gudu sosai a miƙaƙƙen titi, mafi yawan ƙarfin mai tuƙi yana ƙarewa ne wajen ture iskar da ke gabansa. Duk ɗan acaɓan da ya taɓa bin bayan tirela a hanyar Legas zuwa Ibadan ya san yadda iska ke sakinsa. Haka abin yake a tsere: wanda ya laɓe a bayan tayar wani yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa, na tsakiyar ayari kuma ya fi haka samun sauƙi.

Shi ya sa za ka ga 'yan tsere sun dunƙule wuri ɗaya suna tafiya. A Tour de France ta 2024 mutum 176 ne suka tashi, ƙungiya 22 kowacce da mutum 8, aka yi zango 21 na kusan kilomita 3,500. Ɗan fizga irin Biniam, wato wanda sana'arsa ita ce ɓarin gudu a ƙarshen zango, yakan wuni a ɓoye cikin ayarin nan, yana ci yana sha, yana tattalin ƙafarsa saboda daƙiƙa 10 zuwa 15 kacal.

Aikin 'yan ƙungiya

Mutum ɗaya ke hawa mumbari ya karɓi kyauta, amma sauran bakwai ɗin kowa da aikinsa. Akwai masu komawa wurin motar ƙungiya su ɗebo gorunan ruwa. In tayar jagora ta fashe, akwai masu tsayawa su jawo shi ya kamo ayari. In wasu tsiraru suka ɓalle suka yi gaba tun da safe, ƙungiyoyin da ke da 'yan fizga ne ke sa mutanensu a gaban ayari su yi ta ja har a cim musu kafin ƙarshe. Koci yana cikin mota yana ba su umarni ta ƙaramin rediyon da ke kunnen kowa.

In saura 'yan kilomita, sai masu share hanya su jeru, ɗan fizga a bayansu. Na gaba ya ja iya ƙarfinsa, in ya ƙare ya kauce, na biye ya ɗauka. Jan ƙyalle da ake ratayewa a saman titi shi ke nuna saura kilomita 1. Na ƙarshe cikinsu yana ƙoƙarin ajiye jagoransa a kusan mita 200 daga layi, cikin cikakken gudu. A 2024 ɗan Holan Mike Teunissen na cikin masu yi wa Biniam wannan aiki. Sai dai a lokacin ƙungiyar tasu ba ta cikin masu kuɗi sosai, don haka sau da yawa Biniam kan bi tayar abokan hamayya, ya bar jerin wata ƙungiya ya kai shi inda yake so.

Riƙe keke a cikin cunkoso

A nan ne abin yake ba ni tsoro, wallahi. Ana gudun sama da kilomita 60 a awa, tsakanin taya da taya bai kai taƙi ɗaya ba, kafaɗa na gogar kafaɗa, ga kwana ga shataletale, kuma ba abin da ke kare mutum sai hular kwano da 'yar riga. Keken kansa ba nauyi, dokar UCI ta ce kada ya gaza kilo 6.8. Wanda ya taɓa birki ba lokacinsa ba, mutum goma sun wuce shi, kuma ƙarfin da zai kashe ya dawo gaba shi ne wanda ya tanada domin layi.

Akwai doka kuma. In ka fara fizga, ba ka da ikon karkacewa ka matse wani da shingen gefen titi. A zango na 6 na Tour ta 2024 an hukunta Jasper Philipsen na Beljiyam, aka mayar da shi baya, saboda ya tare wa Wout van Aert hanya. Haka nan akwai dabarar jefa keke: dab da layi sai mutum ya miƙe hannuwa ya tura keken gaba, domin gaban taya ake dubawa a hoton da ke raba gardama.

Fizgar kanta

Ɗan fizga yakan kama ƙasan ƙahon keke, ya tashi daga sirdi, ya sa babbar giya, ya duƙar da kai. Manyansu kan fitar da ƙarfin da ya kai wat 1,500 na 'yan daƙiƙoƙi, kusan abin da dutsen guga na lantarki ke ci. Lissafin shi ne lokacin tashi. In ka yi sauri ka sha iska kai kaɗai, na bayanka ya wuce ka a bakin layi. In ka makara hanya ta rufe.

Biniam bai kai irin su Mark Cavendish tsananin gudu a shimfiɗaɗɗen titi ba. Cavendish ɗin ne a wannan Tour ɗin ya ci zangonsa na 35, ya karya tarihin Eddy Merckx mai 34. Abin da Biniam ya fi da shi shi ne juriya: yana tsallake 'yan tuddan da ke zubar da sauran 'yan fizga, kuma yana iya tashi da wuri ya riƙe gudun har layi.

Tsere uku da suka nuna haka

Na farko, Gent-Wevelgem a Beljiyam, ranar 27 ga Maris, 2022, tafiyar kusan kilomita 250 mai ratsa tudun Kemmelberg da aka shimfiɗe da duwatsu. Saura sama da kilomita 20 ya ɓalle tare da Christophe Laporte, Jasper Stuyven da Dries Van Gestel. Da aka doshi layi ya zauna a bayansu duka yana kallo, sai a mita 250 ya fito ta gefe kafin su ankara. Yana da shekara 21, ya zama baƙar fatan Afirka na farko da ya ci irin wannan babbar gasa ta yini ɗaya.

Na biyu, Giro d'Italia, zango na 10 a garin Jesi, ranar 17 ga Mayu, 2022. Tuddai sun rage mutane, har wanda ya share masa hanya shi ne Domenico Pozzovivo, ɗan ƙaramin mahayin dutse mai shekara 39. Biniam ya tashi da wuri, Mathieu van der Poel ya manne masa ya yi ta ƙoƙarin wucewa, da ya ga ba dama ya saki feda ya ɗaga masa babban yatsa. Abin tausayi, a kan mumbari toshiyar kwalbar bikin nasara ta fallo ta buge shi a idon hagu, dole ya janye daga gasar.

Na uku, Tour de France, zango na 3 zuwa birnin Turin, ranar 1 ga Yuli, 2024, tafiyar kusan kilomita 231. Shirin ƙungiya a ranar shi ne ya share wa abokinsa Gerben Thijssen hanya. Suka rabu a cikin hargitsin ƙarshe, shi kuma ya ga 'yar kafa a jikin shinge ya kutsa, ya doke Fernando Gaviria da Arnaud De Lie. Kafinsa Robbie Hunter da Daryl Impey, fararen fata 'yan Afirka ta Kudu, sun ci zango a Tour, amma shi ne baƙar fatan Afirka na farko. Ya ƙara da zango na 8 a Colombey-les-Deux-Églises, inda titin ƙarshe ke da ɗan hawa, da zango na 12 a Villeneuve-sur-Lot.

Koriyar riga

A Tour, rawayar riga ta wanda ya fi kowa ƙarancin lokaci ce, koriya kuma ta wanda ya fi tara maki. A 2024 cin zangon da ba tuddai yana kawo maki 50, akwai kuma wata fizgar a tsakiyar hanya mai maki 20. Sharaɗin shi ne sai ka gama gasar. Kowane zango yana da wa'adin lokaci, saboda haka a ranakun hawan manyan duwatsu 'yan fizga kan taru a baya su yi ta lallaɓawa don kada a kore su.

A zango na 16, kusa da shiga Nîmes, Biniam ya faɗi, Philipsen ya ci, tazarar da ke tsakaninsu ta dawo maki 32. Da ɗinki a gwiwar hannu ya ci gaba da tafiya. Ranar 21 ga Yuli aka rufe gasar a birnin Nice, maimakon Paris da ke shirin Olamfik, yana da maki 387, Philipsen 354.

Bai faɗo daga sama ba. Tun 2015 ɗan ƙasarsu Daniel Teklehaimanot ya sa rigar gwanin hawan dutse na 'yan kwanaki a Tour. Mu ma a nan Najeriya, Ese Ukpeseraye ta wakilce mu a tseren keke a Olamfik ta 2024, a Satumbar 2025 kuma aka yi gasar duniya a Kigali, karo na farko a Afirka. Matsalar da ta rage ita ce kuɗin keke da na tafiye-tafiye, da samun biza, da ƙungiyar da za ta ɗauki yaro tun yana ƙarami kamar yadda aka yi wa Biniam.

Shawarata ga wanda zai gwada kallo: nemi kilomita 5 na ƙarshe na zangon Turin a YouTube, kada ka bi na gaba da ido, ka nemi wanda ke laɓe a na biyar ko na shida. Abokin nan nawa haka na sa shi ya yi, yanzu shi ke tambayata yaushe Yuli za ta zagayo. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.