Shaida a gaban giran juri a Amurka: yaushe shiru ke kai mutum kaso?

Masu saurarenmu, musamman ƴan uwa mazauna Amurka, yau mun kawo muku bayani kan abin da ake kira giran juri. A nan Nijar, alƙali mai bincike ne ke duba ko akwai hujjar gurfanar da mutum kan babban laifi. A kotunan tarayyar Amurka kuwa, wani kwamiti na ƴan ƙasa 16 zuwa 23 ne ke wannan aiki, kuma sai 12 daga cikinsu sun yarda kafin a tuhumi mutum. A asirce suke zama, babu alƙali a ɗakin, lauyan mai shaida ma a waje yake jira.

Idan aka aiko maka da sammaci, zuwa dole ne. Sai dai gyara na biyar na kundin tsarin mulkin ƙasar ya ba ka damar ƙin amsa tambayar da za ta iya ɗora maka laifi. To, a nan ne masu gabatar da ƙara ke neman alƙali ya ba ka kariya, wato ba za a yi amfani da maganarka a tuhume ka ba. A 1972 Kotun Ƙoli ta ce wannan kariya ta isa a tilasta wa mutum magana. Da zarar an ba ka ita, hujjar yin shiru ta ƙare. Ka ƙi magana, ka raina kotu ke nan, ana iya tsare ka har ka yarda, ko wa'adin kwamitin ya cika, amma kar ya wuce wata 18. Kuma kariyar ba ta shafi ƙarya ba: wanda ya yi rantsuwa ya yi ƙarya, za a hukunta shi.

Haka ta faru da Susan McDougal a 1996, lokacin binciken Whitewater. An ba ta kariya, ta ƙi amsa tambayoyi kan shugaba Bill Clinton, ta yi wata 18 a kaso, ba don wani laifi ba sai shirun.

Shawararmu ita ce, duk wanda irin wannan takarda ta same shi, kar ya ajiye ta ƙarƙashin matashi. Ya nemi lauya tun kafin ranar zama.