Marinar Ƙofar Mata: Arzikin Kano Na Farko Da Aka Manta

IDAN aka ce arzikin Kano, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne dalar gyaɗa. To amma fa gyaɗa baƙuwa ce ta jiya-jiya, domin sai da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sannan cinikinta ya kankama. Tun kafin nan, abin da ya kai sunan Kano har bakin Bahar Rum shi ne tufafi: kaɗi, saƙa, rini da bugu. Ragowar wannan tarihi na nan kwance a Ƙofar Mata, dab da Asibitin Murtala, inda dubban mutane ke wucewa kullum ba tare da sun ko waiwaya ba.

A bakin marinar an rubuta shekarar 1498 a matsayin lokacin kafuwarta, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), wanda ake danganta wa kafa Kasuwar Kurmi. Amma bunƙasar sana'ar ta sosai ta zo ne bayan Jihadin 1804. Da aka haɗa garuruwan Hausa ƙarƙashin Daular Usmaniyya, sai kasuwa ta buɗe, hanyoyin fatauci suka yi sauƙi, masu sana'a suka yi ta kwararowa Kano, musamman daga zamanin Sarki Ibrahim Dabo (1819-1846).

Farfesa Philip Shea, Ba'amurken nan da ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, a kan rinin Kano ya yi digirinsa na uku a 1975. Ya nuna cewa a da a cikin manyan tukwane ake rini, sai marina suka gano dabarar haƙa rami mai zurfi su shafe cikinsa da laso. Shi laso siminti ne na gargajiya, wanda ake haɗawa da katsi (wato gurɓin da ke kwantawa a gindin ramin rini), da gashin dabbobi, da dafara. Ramin laso ya fi tukunya girma da ƙarko, don haka kaya suka yawaita, farashi ya sauko. Ka ji fasaha tun kafin zuwan Bature.

Yadda ake aikin kuwa, sai mai haƙuri. Za a cika rami da ruwa, a zuba toka da baba da kanwa, a bar shi ya yi kwanaki yana ruɓa, ana motsawa da doguwar muciya har ya nuna. Marini zai tsoma zane ya ɗago, ya sake tsomawa ya ɗago. Da farko zanen kan fito da ɗan kore-kore, iska ce ke mayar da shi shuɗi. Gwargwadon yawan tsomawa, gwargwadon duhun launi. Daga nan sai mabuga, inda ake shimfiɗa shi a kan gungume, a barbaɗa shuni, a yi ta bugu har ya riƙa ɗaukar ido. Garin Kura ya yi suna a wannan fanni, shi ya sa har gobe ake cewa rawani ɗan Kura. Shi da turkuɗi su ne abin alfaharin Buzaye, waɗanda shunin ke kama wa fata har Turawa suka laƙaba masu sunan shuɗɗan mutane.

Mai karatu, dubi yawan bakunan da zane ɗaya ke ciyarwa: manomin auduga, manomin baba, matar da ke kaɗi a cikin ɗaki da mazarinta, masaƙi, maɗinki, marini, mabugi, dillali, fatake da masu raƙuma. Kuma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: da yawa daga cikin gandayen da ake noma audugar da baban, bayi ne ke aiki a cikinsu. Wannan ma yana cikin tarihin.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma Tambutu kaɗai ana kai mata kayan raƙuma 300. Ya ce ana samun zanen Kano a Murzuk da Gat da Tarabulus, waɗanda a yau duk suna cikin Libiya.

To me ya faru? Ba dare ɗaya Allah kan yi Bature ba, haka ita ma sana'ar a hankali ta durƙushe. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuni na kimiyya, mai arha da saurin aiki. A 1903 Turawan Ingila suka ci Kano. Jirgin da ya zo kwasar gyaɗa shi ne ya riƙa sauke akoko da alawayyo da atamfa, fataucin Sahara kuma ya ja baya. A 1957 aka buɗe masaƙar zamani ta Kaduna Textiles, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano. Da ma an san za a rina, wai an saci zanen mahaukaciya: wa zai jira rami ya yi makonni alhali ga rinin da ake gamawa a yini guda? Abin mamaki, su ma masaƙun da suka ture na gargajiya ba su tsira ba. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, kayan Chana suka cika Kantin Kwari, har ta kai a 2015 masu rinin zamani na Kano suka yi zanga-zanga zuwa fadar Sarki suna kukan an kashe masu sana'a.

Marinar Ƙofar Mata dai ba ta mutu ba, amma yawancin ramukanta sun bushe, wasu sun cike da shara. Waɗanda suka rage sun daɗe suna dogaro da baƙi 'yan yawon buɗe ido, su kuwa ƙafarsu ta ɗauke sosai bayan harin da aka kai Kano ran 20 ga Janairu, 2012. Matan da ke ƙulla zane da zare a gida don a fitar da ado, su ma abin ya shafe su.

A nan ne maganar ta zo kanmu, mu 'yan fim da marubuta. Tun daga Turmin Danya a 1990 zuwa yau an yi dubban finafinai a Kano. Nawa ne a ciki suka ba da labarin marini ko mabugi? Sau nawa muka ga an shirya fim wai na zamanin da, amma sarki ya fito cikin shaddar kanti, gimbiya kuma da leshi? A littattafanmu na soyayya, marubuciya kan cika shafi guda tana wassafa atamfa sufa da gezna da jaruma ta caɓa ado da su, amma da wuya ka ji an ambaci saƙi ko turkuɗi. Alhali kowa ya san yadda 'yan mata ke kai wa tela ɗinkin da suka gani a jikin jarumar fim. Wanda ke da irin wannan tasiri, ai yana iya tayar da kasuwa.

Ba sai an jira gwamnati ba. Furodusan da zai yi fim na tarihi ya je Ƙofar Mata ko Kura ya sayi suturar 'yan wasansa. Marubuci ya je ya zauna da dattawan marina tun suna raye, ya ji yadda iyayensu suka yi ciniki da Buzaye. Akwai labarin soyayya, da na kishi, da na gado, da na karayar arziki a bakin ramukan nan, wanda ya fi ƙarfin wanda muke arowa daga Indiya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa mu farga.